Layi Ɗaya Ya Ishi Gida

 Maganarmu ta yau ta intanet ce, watau yadda za a shigo da shi gida ta hanya ɗaya, sa'an nan a raba wa kowa. Muna roƙonku ku kasa kunne, gama magana ce ta kuɗi, kuma magana ce ta tsare suna.

Ku dubi yadda abin ya ke a gidaje da yawa. Maigida yana da waya, uwargida tana da tata, amarya ma haka. Samarin gida kowa da tasa. Kowane ɗaya yana sayen data shi kaɗai, kaɗan kaɗan, yau ta kwana ɗaya, gobe ta mako. Ba wanda ya taɓa zama ya tara kuɗin nan duka ya ga abin da ya kama a wata. Kowa ya sani mai sayen gero gwangwani gwangwani ya fi mai sayen buhu shan tsada. Data ma haka ta ke. A watan Janairu na 2025 kuwa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wadda a ke kira NCC, ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Saboda haka lissafin nan ya zama wajibi ga kowane gida.

Abin da mu ke so ku koma gida da shi ke nan: layi ɗaya ya ishi gida duka, in an ajiye na'urarsa a wurin da ya dace, an kulle shi, an kuma shirya da mutanen gida yadda za a yi amfani da shi. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma tukuna bari mu ga inda abin ya ke fitowa.

Daga Ina Intanet Ya Ke Zuwa?

Intanet shi ne haɗuwar kwamfutocin duniya, suna aika wa juna saƙo. Mutane da yawa suna tsammani duk ta sama saƙon ya ke bi. Gaskiyar magana, mafi yawansa ta ƙarƙashin teku ya ke bi, a cikin kebul. A cikin kebul ɗin akwai zaren gilashi, siririnsa kamar gashin kai. Haske ne ke gudu cikin zaren, shi ke ɗauke da magana da hoto da rubutu. Irin wannan kebul shi a ke kira faiba.

A shekarar 2010 manyan kebul biyu suka fara aiki a Ikko, watau Legas. Ɗaya sunansa MainOne, ya taso daga Fotugal, tsawonsa kamar kilomita 7,000. Ɗayan kuwa Glo-1, ya taso daga Ingila. A 2022 wani ya ƙaru, sunansa Equiano. Daga bakin teku kamfanoni su kan ja faiba a ƙarƙashin ƙasa, gefen manyan hanyoyin mota, har zuwa garuruwanmu.

Ku ɗauki abin kamar ruwan famfo. Akwai babban dam can nesa. Akwai babban bututu da ke kawo ruwa gari. Akwai ƙaramin bututu da ke zuwa ƙofar gidanka. Nan aikin kamfani ya ƙare. Raba ruwan zuwa madafa da makewayi da tsakar gida aikinka ne, kai maigida. Maganarmu ta yau duk a kan wannan rabo na cikin gida ta ke.

Hanyoyin Shigowa Gida

Layi mai ƙarfi, wanda zai ɗauki mutane da yawa, ta hanya uku ya kan shigo gida a ƙasarmu.

Ta farko ita ce ta turakun sadarwa, irin waɗanda wayar hannu ke amfani da su tun zuwanta a 2001. Kamfanoni irin su MTN da Airtel suna sayar da na'ura mai cin sim, ta 4G ko ta 5G. Wannan ita ce mafi sauƙi, gama ba a haƙa rami, ba a jan kebul. Amma ƙarfinta ya dogara ga kusancin gidanka da turke, da yawan masu ja a unguwarku.

Ta biyu ita ce faiba har cikin gida. Ma'aikacin kamfani zai zo ya ja zaren, ya kafa ɗan akwati a bango. Ita ce mafi tsayawa daidai, sai dai ba kowace unguwa ta kai ba.

Ta uku ita ce ta tauraron ɗan adam. Kamfanin Starlink ya fara aiki a Nijeriya a 2023. A kan kafa faranti a bisa rufi ko a fili, inda bishiya ko bene ba su tare masa sama ba. Wannan tana kai wa ƙauyen da ba turke, amma kayanta da kuɗin watanta sun fi na sauran tsada.

Kafin ka sayi kowace, tambayi maƙwabta wanne kamfani ya fi ƙarfi a layinku. In mai cin sim za ka saya, ari sim na kamfanin ka gwada a wayarka da safe, ka sake gwadawa da dare. Da dare ne mutane ke taruwa a kai, a nan a ke gane layin kirki. Kada talla ta ruɗe ka. Abin da ya yi kyau a wata unguwa yana iya ƙin yi a taka.

Rauta Da Aikinta

Na'urar da ke raba layin nan sunanta rauta. Ɗan akwati ne, bai fi littafi girma ba, da 'yan fitilu a gabansa. Wasu suna da ƙahoni, watau eriya, wasu eriyarsu tana ciki.

Ga misalin aikinta. A ce gida yana da akwati ɗaya a gidan waya. Wasiƙun mutum goma duk cikinsa su ke faɗawa. Akwai yaro mai zuwa ya kwaso, ya zauna a zaure, ya duba, ya miƙa wa kowa tasa. In wani zai aika da wasiƙa, shi zai karɓa ya kai. To, rauta ita ce yaron nan. Kamfani ya san gidanka da adireshi ɗaya tak. Amma a cikin gida rauta ta kan ba kowace waya da kowace kwamfuta lambarta, da kanta, ba sai ka sa hannu ba. Shi ya sa saƙon uwargida ba ya faɗawa wayar amarya.

Rauta tana miƙa saƙo ta hanya biyu. Ɗaya ta kebul. A bayanta akwai ramuka, galibi huɗu, masu rubutun LAN. Nan a ke cusa kebul ɗin da zai je kwamfuta ko talabijin. Wasu suna da rami guda dabam mai rubutun WAN. Wannan na layin da ya shigo daga waje ne. Kada a gauraya su. Irin wannan kebul yana da ƙananan wayoyi takwas a ciki, an murɗe su biyu biyu. Yana aiki sosai har tsawon mita 100, watau kamar tsawon filin ƙwallo.

Hanya ta biyu ta iska ce, ita a ke kira waifai. Rediyo ne ƙarami mai gajeren zango. An fitar da ƙa'idarsa ta farko a 1997, aka raɗa masa sunan nan a 1999. Yawancin rautocin yanzu suna da zango biyu, ɗaya mai lamba 2.4, ɗaya mai lamba 5. Na 2.4 kamar raƙumi ya ke, ba ya sauri amma yana cin nisa, yana kuma ɗan ratsa bango. Na 5 kamar dokin sukuwa ne, akwai gudu amma ba ya nisa. Wanda ke kusa da rauta ya hau 5, wanda ke ƙuryar gida ya hau 2.4. Ku lura, wannan 5 ta waifai dabam ta ke da 5G ta kamfanin waya. Lamba ce kawai ta zo ɗaya.

Inda Za A Ajiye Ta

Nan ne mutane da yawa su ke yin hasara. Mutum ya sayi rauta mai kyau, ya kai ta ƙuryar turaka, ya sa a ƙasa bayan akwati don kada yara su taɓa. Sa'an nan ya yi ta zagin kamfani.

Ku tuna da fitilar ƙwai. In ka ajiye ta ƙarƙashin gado, ɗaki ba zai yi haske ba. In ka rataye ta sama, a tsakiya, kowa zai gani. Haka rauta ta ke. A ɗora ta bisa kanta ko a kafe ta a bango, sama da tsawon mutum in da hali, a ɗakin da ya fi zama tsakiyar gida.

Abin da ke kashe waifai shi ne ƙarfe da bango mai kauri da ruwa. Ƙofar ƙarfe, da kwanon rufi, da firiji, da tankin ruwa, duk suna tare shi. Bangon siminti mai rodi a ciki yana rage shi ƙwarai, haka kuma katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajenmu na gargajiya. Duk bangon da ya ƙetare, ƙarfinsa ya ragu. Tun da ya ke gidajenmu da yawa ɗakuna ne kewaye da tsakar gida, dabara ita ce a sa rauta kusa da taga ko ƙofa mai duban tsakar gida. Daga nan sai ta watsu a fili, ta shiga ɗakuna ta ƙofofinsu.

Mai rauta mai cin sim yana da aiki biyu, gama dole ta ji turken kamfani, kuma dole mutanen gida su ji ta. Sai ya gwada taga bayan taga, yana duban fitilun sigina, har ya sami inda suka fi cika.

Bayan an kafa, ɗauki waya ka zaga gida, daga zaure har madafa. Duba alamar waifai a saman wayar, ka ga inda ta cika da inda ta faɗi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. In akwai sashen da bai samu ba, kamar shagon samari a waje ko sashen ƙanen maigida, sai a ja kebul daga ramin LAN zuwa can, a sa rauta ta biyu a bakinsa. Mai sayar da ita ko mai gyara zai saita ta don ta zama reshe kawai, kada ita ma ta riƙa raba lambobi su rikice. Kebul ɗin da zai bi waje a zura shi cikin bututun roba saboda rana da ruwa da ɓera, kada kuma a ɗaure shi jikin wayar lantarki. Akwai kuma wata na'ura mai maimaita sigina ba tare da kebul ba. A kan sa ta a rabin hanya, inda sigina ke da sauran ƙarfi. Tana taimako, amma ta kan rage sauri, sau da yawa har rabi.

Yadda A Ke Haɗawa

Aikin ba wuya. Ga shi daki daki.

1. Sa sim a raminsa, ko ka cusa kebul ɗin kamfani a ramin WAN.

2. Jona ta da wuta, da cajar da ta zo da ita. Jira minti biyu ko uku har fitilu su tsaya.

3. Juya ta ka duba ƙasanta. Akwai takarda manne, an rubuta sunan waifai, da kalmar sirri, da adireshin shiga cikinta.

4. Buɗe waifai a wayarka, nemi sunan nan, rubuta kalmar sirri daidai yadda ta ke. Babban baƙi da ƙaramin baƙi ba ɗaya ba ne a wurinta.

5. Buɗe manhajar da ka ke shiga intanet da ita, kamar Chrome. A sama rubuta adireshin da ke jikin takardar. Galibi 192.168.0.1 ne, ko 192.168.1.1, ko wata lamba mai kama da su. Wasu kamfanoni suna da manhajarsu mai yin wannan aiki.

6. Shafin saiti zai buɗe. A nan za ka sake suna, ka sake makullai.

Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba tukuna, ya sa ɗansa ko ƙanensa ya taya shi. Amma ya zauna a wurin, ya gani da idonsa, kuma shi zai zaɓi kalmomin sirri, ya rubuta su da hannunsa.

Makullai Biyu

Waifai bai san katanga ba. Ya kan fita har titi, har gidan maƙwabci. Duk wanda ke da kalmar sirri, ko yana zaune bisa dakalin ƙofar gida, ya shigo ke nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hasara ta farko ita ce data. Za ka ga ta wata guda ta ƙare a kwana goma, ba ka san dalili ba. Hasara ta biyu ta fi wannan girma. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umurni a haɗa kowane sim da lambar shaidar ɗan ƙasa. Layin faiba ma da sunanka da adireshinka aka yi masa rajista. Mun riga mun ce kamfani adireshi ɗaya ya sani na gidanka. To, in wani ya hau layinka ya damfari mutum, ko ya aika da barazana, sawun da za a fara bi ƙofar gidanka zai kawo. Akwai dokar laifuffukan intanet tun 2015. Ko da daga baya an gane ba kai ba ne, ka riga ka sha tambaya da zirga-zirga, mutanen unguwa kuma sun riga sun gani. Suna kuwa ya fi kuɗi wuyar samu.

Saboda haka rauta tana da makulli biyu, kuma dole a sake su duka.

Na farko shi ne kalmar sirrin waifai, wadda mutanen gida za su sani. Ƙa'ida ba ta karɓar ƙasa da baƙi 8, amma mu shawararmu a yi 12 ko fiye. Kada a sa lambar wayar maigida, ko sunan ɗan fari, ko 12345678. Waɗannan su ɓarawo ke fara gwadawa. Haɗa kalmomi uku ko huɗu waɗanda ba su da dangantaka da juna, ka cusa lambobi a tsakani. Wannan yana da sauƙin tunawa, yana da wuyar cinka. A wurin zaɓen irin kulle, zaɓi WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018 in rautarka tana da shi. In ka ga WEP kada ka zaɓa. Tsohon kwado ne, an daɗe da gane yadda a ke ɓalle shi.

Na biyu shi ne kalmar shiga shafin saiti. Wannan ta maigida ce, ko wanda aka ɗora wa aikin. Rautoci da yawa suna zuwa daga kamfani da kalma iri ɗaya, sau da yawa admin, kuma duk yaron da ya ɗan waye ya san haka. Wanda ya shiga shafin nan yana iya sake kome, har ya kore ka daga layinka. Sake ta tun ranar farko. Rubuta duka biyun a littafi, ka ajiye inda ka ke ajiye takardun gida.

Sunan waifai ma kada ya zama sunanka ko lambar gidanka. Ba dole ne mai wucewa ya san na wane ne ba.

Baƙi Da Maƙwabta

Mun san halinmu. Baƙo ya zo ya ce a sa masa waifai, ba ka iya hana shi. Amma ku sani, wayoyin yanzu suna iya nuna wa wata waya kalmar sirrin da aka sa musu. Ka ba mutum ɗaya, kafin mako ta kai ga goma.

Maganin wannan yana cikin rautoci da yawa. Suna iya buɗe waifai na biyu, na baƙi, da sunansa da kalmarsa dabam. Kamar zaure ya ke. Baƙo ya zauna ya sha ruwa, amma bai shiga cikin gida ba. Wannan kalma ta baƙi sai ka riƙa sake ta a kai a kai, musamman bayan biki ko suna. A shafin saiti kuma akwai jerin duk wayoyin da ke kan layi. Duba shi sau ɗaya a mako. In wayoyin gida takwas ne ka ga goma sha biyar, ka san lokacin sake makulli ya yi.

In 'yan'uwa ko masu haya a gida ɗaya za su yi karo-karo, a yi magana a fili tun farko: nawa kowa zai bayar, wace rana, wa zai riƙe makulli. A rubuta. Kuma a duba sharuɗɗan kamfani, gama wasu ba su yarda a kai layin gida zuwa wani gida ba. Sayar wa jama'a intanet kuwa sana'a ce mai bukatar lasisi daga NCC.

Akwai wani tsoro da mata da samari su kan yi, cewa mai riƙe da rauta zai riƙa karanta saƙonninsu. Ga gaskiyar abin. Yana ganin sunayen wayoyin da ke kai. A wasu rautoci yana ganin yawan datar da kowace ta ci, wani lokaci har da sunayen shafukan da aka shiga. Amma saƙon WhatsApp a kulle ya ke tun daga wayar mai aikawa har wayar mai karɓa, haka ya ke tun 2016, rauta ba ta iya buɗe shi. A gaya wa kowa wannan tun farko, don kada zargi ya shiga tsakani.

Lissafin Sauri Da Na Data

Abu biyu ka ke saye, kada ka haɗa su. Sauri shi ne faɗin bututu, da megabit a ke auna shi. Data kuwa ita ce yawan ruwan da ke cikin tanki, da megabait da gigabait a ke auna ta. Megabit 8 su ne megabait 1, megabait kamar 1,000 kuma su ne gigabait 1.

A ce layinka megabit 20 ne. In mutum huɗu suna ja da ƙarfi lokaci ɗaya, kowa zai sami kamar 5. Rauta ba ta ƙara ruwa, rabawa kawai ta ke yi.

Rubutu da saƙon murya ba su cin kome sosai. Bidiyo shi ne mai ci. Kallon awa ɗaya yana iya cin kusan gigabait 1 in hoton matsakaici ne, har zuwa 3 in mai kyau ne ƙwarai. To, mu yi lissafi. A ce an sayi gigabait 100 na wata. Mutum uku kowa yana kallon awa ɗaya kullum, gigabait 3 ke nan a rana. A kwana 30 sun ci 90. Saura 10 ga duk sauran mutanen gida, har da mai karatun jarrabawa da mai sayar da atamfa ta waya. Kun ga dalilin da ya sa a ke bukatar shiri. A rage kyan hoton bidiyo, gama a ƙaramar waya bambancin kaɗan ne. Fim ɗin da mutum biyar ke so, ɗaya ya sauke, sauran su karɓa daga wayarsa. Wanda aka ce marar iyaka ne kuma, ku karanta sharaɗinsa da kyau. Sau da yawa in an kai wani adadi, kamfani ya kan rage sauri har ƙarshen wata.

Yara ma suna cikin shirin. Rautoci da yawa suna iya yanke wa wata waya layi a lokacin da ka zaɓa, alal misali daga ƙarfe tara na dare zuwa safe. Wannan taimako ne, amma idon iyaye ya fi shi. Ƙaramin yaro ya yi kallonsa a tsakar gida, inda a ke ganinsa.

Wuta Da Kulawa

Rauta ba ta cin wuta. Yawancinsu kamar wat 10 su ke ja, watau a wata guda kamar yunit 7, ko da ba a kashe ta dare da rana. Amma in an ɗauke wuta, ita ma ta mutu. Akwai ƙaramin batir da a ke sayarwa domin wannan, ya kan riƙe ta awoyi. Mai sola kuma sai ya jona ta can. Yawancinsu bolt 12 su ke so, amma duba jikin taka tukuna, gama cajar da ba tata ba tana iya ƙone ta. Kada a lulluɓe ta da ƙyalle, tana bukatar iska. Lokacin hunturu a riƙa share mata ƙura. In hadari ya taso da tsawa, a zare ta daga wuta. In shafin saiti ya ce akwai sabon gyara na manhajarta, a yarda, gama da shi a ke toshe kafofin da ɓarayi suka gano.

In Ta Ƙi Aiki

Kada ka yi saurin kiran mai gyara. Fara duba ko waya ɗaya ce ta ƙi, ko duka. In ɗaya ce, laifin wayar ne, kashe waifai ɗinta ka sake kunnawa. In duka ne, duba ko data ta ƙare. In da saura, zare rauta daga wuta, ƙirga talatin, ka mayar. Wannan kaɗai ya kan warkar da ciwo da yawa. Akwai wani ɗan rami a bayanta da a ke tsokana da tsinke. Kada a taɓa shi sai an rasa yadda za a yi, gama yana goge duk saitinka, ya mayar da makullan kamfani.

Wani lokaci kuma laifin yana can nesa. A watan Maris na 2024 kebul huɗu suka lalace a ƙarƙashin teku, kusa da gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma, har da tamu. A irin wannan rana ba abin da rautarka za ta iya. Tambayi maƙwabci, in shi ma haka ne, sai haƙuri. In kuwa kamfani ne ya ci kuɗinka bai ba ka aiki ba, fara kai ƙara wurinsa, ka riƙe lambar ƙarar da za su ba ka. In ba su share maka hawaye ba, kira NCC a lamba 622, kiran kyauta ne.

To, jama'a, ga aikin da mu ke so kowa ya yi kafin mu sake haɗuwa. Ya tara mutanen gidansa, kowa ya faɗi abin da ya kashe wa data a watan jiya. A rubuta, a haɗa jimla. Sa'an nan a je a tambayi kuɗin rauta da na datar wata, a gwada da jimlar nan. A tuna kuma waifai a gida ya ke tsayawa, mai fita kasuwa ko gona zai bukaci 'yar data a wayarsa, ita ma a sa ta cikin lissafi. Gidan da wayoyinsa biyu ne, watakila ya ga bai bukata. Gidan da ke da takwas ko goma, lissafi zai gaya masa gaskiya. Wanda kuma ya riga ya sayi rauta, yau da dare ya juya ta, ya duba takardar ƙasanta. In har yanzu makullan kamfani ne a kai, ya sake su kafin ya kwanta.